Ƙananan hukumomi biyu, kujera ɗaya: za a iya raba mazaɓarmu, ko mu yi kiranye?

Malamin Aji Huɗu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman haske daga waɗanda suka san dokar zaɓe, don abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni malamin firamare ne, shekarata 17 da alli a hannu. Mazaɓarmu ta majalisar dokokin jiha ƙananan hukumomi biyu ne aka gama wuri guda, kujera ɗaya. Tun da daɗewa dattawa suka yi yarjejeniyar baka ta karɓa-karɓa: wannan ɓangare ya yi zango biyu, sai ya sakar wa wancan. A zaɓen 18 ga Maris 2023 namu lokacin ne, amma mai ci ya ce a nuna masa inda aka rubuta. Ya sake tsayawa, ya kuma ci, don ɓangarensu ya fi namu yawan rumfuna.

Ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Farkon daminar bara iska ta yaye kwanon azuzuwa biyu a makarantarmu. Yanzu 'yan ajina a gindin darbejiya suke, allo jingine da bishiya, da hadari ya haɗo sai mu tashe su. Ni da shugaban iyayen yara muka rubuta takarda, muka nufi ofishin mazaɓa na ɗan majalisar. Kwaɗon ƙofar har ya yi tsatsa. Hotonsa na yaƙin neman zaɓe yana manne, rana ta cinye launin. Na durƙusa zan tura takardar ta ƙasan ƙofa, sai na hango wasu ambulan a ciki, ƙura ta rufe su. Na dai tura tamu ta bi sahu.

Tambayata biyu ce. Akwai hanyar da za a raba mazaɓar, kowace ƙaramar hukuma ta samu nata? In babu, kiranyen nan da ake faɗa, yaya ake yinsa?

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri kan yaran nan. Na yi aikin rubuce-rubuce a wata majalisar jiha har na yi ritaya, bari in faɗi abin da na sani, ko da ba zai yi daɗin ji ba.

Batun rabawa ba a hannun gwamna yake ba, ba kuma a hannun majalisar jihar ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba hukumar zaɓe INEC wannan aiki. Sashe na 91 ya ce kujerun majalisar jiha su zama ninki uku ko huɗu na kujerun da jihar take da su a Majalisar Wakilai, amma kada su gaza 24, kada su haura 40. Wannan rufin na 40 shi ne ya danne jihohi masu yawan jama'a. Dubi Kano: kujeru 24 a Majalisar Wakilai, ƙananan hukumomi 44, amma kujerun majalisar jiha 40. Dole aka haɗa wasu, irin su Bagwai da Shanono, Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa. Legas kuwa ita ma 40 gare ta, da ƙananan hukumomi 20, sai kowace ta tashi da kujera biyu. Ba ka faɗi jiharka ba. In ta riga ta cika 40, ba za a ƙara muku ba sai an rage wa wasu ko an gyara kundin. In ba ta cika ba, kuma ba ta kai ninki huɗu na kujerunta a Majalisar Wakilai ba, a takarda dai ƙofa a buɗe take.

Na ce a takarda, saboda sashe na 113 bai ce ƙaramar hukuma ɗaya kujera ɗaya ba. Yawan jama'a ya ce a duba, mazaɓu su yi kusan daidai. Sashe na 114 ya ce a riƙa sake duba iyakokin, tazarar da ba ta gaza shekara goma ba, ko bayan ƙidaya. To tsarin da muke kai tun 1996 aka shata shi, zamanin Abacha, kuma ƙidayar ƙarshe da aka yi 2006 ce. Yaran da aka haifa a shekarar da aka ja layukan nan yanzu suna da nasu 'ya'yan. A 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓe zuwa 176,846, amma rumfa daban, mazaɓa daban. Ko yau aka sake shata iyaka, sashe na 115 ya ce sai Majalisar Tarayya ta amince, kuma sai wa'adin majalisar jihar mai ci ya ƙare. Ka ga mutanen da za su amince ɗin su ne waɗanda kujerunsu za su iya girgiza.

Kiranye kuma yana sashe na 110. Sai fiye da rabin waɗanda suka yi rajista a mazaɓar sun sa hannu kan takardar cewa sun yanke ƙauna da shi. Lura, rabin masu rajista, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba, alhali a rajistar akwai wanda ya rasu, akwai wanda ya ƙaura. Sannan INEC ta tantance hannuwan, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada da Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma, da aka zo tantancewa a 2018 waɗanda aka tabbatar ba su kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba. Daga 1999 zuwa yau ba a taɓa sauke ɗan majalisa ta wannan hanya ba. Ku da ɓangarenku ne ma ƙarami, ina za ku samo fiye da rabi?

Uwar Tafiya ta amsa:

Baba Akawu ya gama magana kan doka, ni bari in faɗi ta cikin gida. Malam, kada ranka ya ɓaci, amma ba ranar 18 ga Maris kuka rasa kujerar nan ba. Kun rasa ta tun ranar zaɓen fid da gwani a 2022.

Ni daliget ce a lokacin. Mutum biyar-biyar aka ɗauko daga kowace mazaɓar kansila, duka-dukanmu ba mu cika zauren da aka tara mu ba. Tun daren jajibirin zaɓen an kwashe mu an ajiye a masauki, an karɓe wayoyi wai don kada a rikita mu. Da safe aka jera mu, kowa ya san sunan da zai rubuta. Mutanen da za su shiga motocin haya 'yan kaɗan su ne suka yanke wa dubban mutane wanda za su gani a takardar ƙuri'a. Ina dattawan yarjejeniyarku a ranar? Malamai nawa ne suka san ranar da aka fitar da daliget a mazaɓarsu? Kowa ya ce siyasa ƙazanta ce, ya naɗe hannu, sai an gama rabo a zo ana kuka.

Sannan zaɓen majalisar jiha rana ɗaya ake yinsa da na gwamna, ga guguwar "sak". Da yawa sun dangwala wa alamar jam'iyya ne kawai, ko sunan ɗan takarar ba su sani ba.

Rufin aji kuma, gaskiya aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ne da sashen ilimi na ƙaramar hukuma. Ɗan majalisa ba shi da ma'aikata. Abin da yake da shi baki ne: ya sa aikin cikin kasafin kuɗi, ya kira shugaban hukuma gaban kwamiti ya tambaye shi. Kuma kada a raina majalisar jiha. Ita ke tantance kwamishinoni, ita ke tsige gwamna. Ta Kaduna ta hana Balarabe Musa naɗa kwamishinoni, ta kuma tsige shi a 1981. Ƙarfin yana nan, sai dai yawanci an jingine shi a ƙofar gidan gwamnati.

Ɗan Ci-rani ya amsa:

Yaya Malam, daga Amurka nake rubutu. A nan duk bayan ƙidaya, shekara goma-goma, ana sake shata mazaɓun majalisun jihohi, kuma tun 1964 Kotun Ƙoli ta ce dole yawan jama'arsu ya yi kusan daidai. Amma kada ka ɗauka an huta. A jihohi da yawa 'yan majalisar ne da kansu suke zana taswirar, sai ka ga mazaɓa ta miƙe ta lanƙwashe kamar igiya don kawai a tara magoya baya wuri guda. In kuka samu aka buɗe maganar sake shata iyaka, ku sa ido a kan wanda ke riƙe da alƙalamin.

Malamin Aji Huɗu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Baba, Allah ya ƙara girma, na haƙura da kiranye, don ko 'yan gidanmu ban tabbata duka za su fito tantancewa ba. Hajiya, maganarki ta yi zafi amma na haɗiye, don ni kaina ban san wa ya wakilci mazaɓarmu a fid da gwanin ba, kuma ma'aikacin gwamnati ne ni, akwai iyakar inda zan sa ƙafa. Shugaban iyayen yara dai ba abin da ya ɗaure shi, na karanta masa amsarki ya yi shiru.

Mun sake buga takardar kwafi uku, da hotunan azuzuwan. Ɗaya ga sakataren ilimi, ɗaya ga hukumar ilimin bai-ɗaya. Ta ukun ce nake tambaya, Baba: in muka kai ta majalisa kai tsaye, ofishin akawun majalisa za mu miƙa wa ko kwamitin ƙorafin jama'a, kuma suna buga hatimin karɓa a kwafinmu? Ranar Litinin muke son shiga motar farko, kafin damina ta sake kama mu a gindin bishiya.