Kada mu ce masa "man shayi"

Jama'a, ku taya ni mu tsayar da suna ɗaya na Hausa ga man da ake kira tea tree oil da Turanci, domin maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ƙanwata kitso take yi a ƙauyenmu, can wajen Gumel. Da hunturu ya kama, kusan duk kan da ta tsefe sai amosani ya zubo mata a cinya kamar dusa. Rannan aka kawo mata shamfu daga Kano, an rubuta tea tree oil a jikin robar, haɗe da wata 'yar kwalba ta zallar man. Wani ɗan sakandare ya fassara musu, ya ce man bishiyar shayi ne. Kafin la'asar sunan ya koma "man shayi".

Goggonmu ta ce, "To 'yar nan, in dai shayi ne, me ya kai ki kashe kuɗi? Tafasa ganyen ki wanke musu kai." Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne maƙwabciyarmu da ta roƙi a ɗiga mata kaɗan, za ta sa wa yaronta a ruwan zafi saboda tari. Man nan guba ne idan aka sha, balle ga ƙaramin yaro. Sunan ne ya ruɗe ta, ba rashin hankali ba.

Bishiyar ba ta haɗa komai da shayin da muke sha ba. A gabashin Ostiraliya take fitowa, a wurare masu fadama, masana kuma suna kiran ta Melaleuca alternifolia. Turawan da suka je yankin a ƙarni na 18 ne suka riƙa dafa ganyen ire-irenta a madadin shayi, sunan ya bi ta. Danginta na gaskiya mun san su sarai: gwaba, kanumfari, da bishiyar turaren nan da aka jejjera a Jigawa don tare hamada. Duk wanda ya taɓa murza ganyen turare a tafin hannu, in ya shinshina man nan zai ji ƙanshin gida ɗaya ne.

Amosani dai ba mu da matsala da shi, kalmarmu ce. Yana da alaƙa da wata ƙwaya dangin funfuna da ke zaune a fatar kai tana cin maiƙo, man nan kuwa yana rage mata ƙarfi. A wani gwaji da aka wallafa a 2002, an bi mutum 126 tsawon mako 4: masu wanke kai kullum da shamfu mai kashi 5 cikin 100 na man sun samu sauƙin kashi 41, waɗanda nasu babu man kashi 11. Yana taimakawa ke nan, amma ba yankan wuƙa ba ne, kuma zallarsa kan ƙona fatar wasu. In gashi yana zubewa fili-fili kamar makero, asibiti za a je.

Shamfu ma a bar shi yadda yake. Wani malami ya ce mini, "Hajiya, ai sabulun wanke kai ya fi zama Hausa." Gaskiyarsa, sai dai a wurinmu in ka faɗi haka sabulun salo za a miƙo maka. Su Turawan ma daga harshen Hindi na Indiya suka aro kalmar shamfu.

Saura man. An ba ni "man turaren Ostiraliya". Ya yi tsawo, kuma wata za ta ɗauka na fesawa a kaya ne. An ce "man amosani", na so shi ƙwarai, amma ana amfani da shi ga ƙurajen fuska ma, ga shi kowane mai talla zai iya liƙa sunan a kan duk abin da ya haɗa.

Ni na fi karkata ga "malaluka", daga sunanta na masana. Haka muka yi da mangwaro da gwaba, muka lanƙwasa su har suka zauna a bakinmu. Man malaluka, shamfun malaluka. Babu wanda zai ji shi ya tuna da kofi da madara. Na gwada shi a kan Goggo, ta maimaita sau ɗaya ba tare da tuntuɓen harshe ba.

Jiya na sa ƙanwata ta manna takarda a jikin 'yar kwalbar, da boko da ajami: "Man malaluka. Ba a sha." Ta kuma ɗora ta can saman kwabet. Masu kitso da wanzamai, ku nake so in ji, domin a bakinku sunan zai zauna. In akwai wanda ya fi wannan, ku kawo shi kafin "man shayi" ya shiga kasuwar Maigatari.