Tambaya kan rubuta sunan Allah da kirarin ƙasa a sakatariyar ƙaramar hukuma

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Ana gyaran sakatariyar ƙaramar hukumarmu a nan Jigawa, kuma an gayyaci wasunmu daga ƙungiyar ci gaban gari domin mu ba da shawara kan abin da za a rubuta a saman babbar ƙofa da bangon zauren kansiloli. Dattawanmu sun fi son a rubuta Bisimilla tare da ayar Suratun Nisa'i wadda ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita da yin hukunci da adalci, wasu kuma suka ce a tsaya ga tambarin Najeriya da kirarinsa kawai. Wani matashi ya kafa hujja da cewa ko Amurka ma tana rubuta dogaro ga Allah a gine-ginen gwamnatinta. Ina roƙon masana su faɗa mana ko doka ta yarda da wannan, sannan ko da ta yarda, shin ya dace mu yi?

Barista Aminu:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da matashin ya faɗa gaskiya ne, sai dai bai kai ƙarshen zancen ba. Kirarin Amurka, wanda ma'anarsa ita ce "Ga Allah muka dogara", ya fara fitowa a jikin kwabbansu a 1864, ya zama kirarin ƙasa bisa doka a 1956 zamanin Shugaba Eisenhower, sannan ya hau takardun kuɗi a 1957. Jihohi irin su Fulorida da Luwiziyana sun yi dokokin da suka wajabta liƙa shi a makarantun gwamnati. An yi ta kai ƙara a kansa, kuma a 1970 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bar shi bisa dalilin cewa lafazi ne na al'ada da kishin ƙasa, ba kafa wani addini ba ne. Wato ya tsira ne saboda bai jingina ga littafin kowa ba.

A nan gida, sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, amma gabatarwar kundin da kanta ta ce Najeriya ƙasa ɗaya ce a ƙarƙashin Allah. Sashe na 15 kuma ya ajiye mana kirarinmu: haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba. Saboda haka rubuta kirarin ƙasa ba shi da wata matsala ko kaɗan, haka ma ambaton Allah a dunƙule. Rubuta aya daga littafi guda da kuɗin jama'a shi ne inda mai son ƙara zai iya samun abin riƙewa, ko da yake ni ban ɗauki rubutu a bango daidai da ayyana addinin gwamnati ba.

Alhaji Sule, tsohon ma'aikaci:
Ni ba ta fuskar doka zan duba ba, Malam Habu, ta fuskar alfarmar ayar zan duba, domin na yi aiki a irin wannan gini har na yi ritaya, kuma na san yadda bangonsa yake ƙarewa. Fenti ba ya wuce damina biyu kafin ya fara ɓarewa, sai ka ga rabin kalma ta zube ƙasa ana takawa. Idan lokacin zaɓe ya zo, yara masu liƙa fastocin 'yan takara suna zuwa da dare da bokitin sitaci, ba sa duba abin da ke ƙarƙashi kafin su shafa. Tattabaru da jemagu suna kwana a saman ƙofa, kuma kowa ya san abin da masu jiran biyan albashi suke yi a bayan katanga idan ban ɗaki ya lalace. Na sha ganin tsofaffin takardun ofis masu Bisimilla a samansu sun koma hannun mai ƙosai a bakin kasuwa, kuma abin yana damuna har yau.

Malamanmu na Malikiyya sun karhanta rubuta Alƙur'ani a bangon alƙiblar masallaci, inda ake shiga da alwala, to ina ga ofishin da kowa ke shiga da takalmi ana ce-ce-ku-ce kan kwangila? Saudiyya ba ta sassauto da tutarta ko da sarki ne ya rasu, saboda kalmar shahada da ke jikinta. Wanda duk zai ɗora aya a bango, sai ya fara faɗa mana wa zai kula da ita bayan wannan shugaban ya sauka.

Hajiya Rabi, shugabar makarantar firamare:
Baba Alhaji, na ji maganarka kuma akwai gaskiya a ciki, amma ina ganin bai kamata tsoron sakaci ya sa mu share ambaton Allah daga inda ake hukunta al'amuran talakawa ba. Rundunar sojan ƙasa ta Najeriya tana ɗauke da "Nasrun minallah" da haruffan Larabci a tambarinta, kuma alƙawarin da ɗalibaina suke karantawa kowace safiya yana ƙarewa ne da neman taimakon Allah. Mutanenmu ba su manta da yadda aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007 ba, aka kuma cire shi daga sabuwar naira ɗari a 2014, alhali abin da aka rubuta Hausa ce zalla, adadin kuɗi kawai take faɗa wa wanda bai yi boko ba. Wannan ne ya sa dattawa suke ɗokin ganin abin da ya yi kama da su a ginin hukumarsu. Idan bangon waje ne matsala, a sa rubutun cikin gilashi a rataye shi a zauren kansiloli, inda mai sa hannu a takardar kuɗi zai ɗaga kai ya gani.

Yakubu:
Ni Bahaushe ne Kirista daga yankin Sumaila a Kano, kuma iyayena da kakannina a nan aka binne su. Ambaton Allah a ofis ba ya ɓata mini rai, domin mu ma shi muke kira a coci. Abin da nake roƙo a yi la'akari da shi shi ne, sakatariya ita ce inda kowa ke zuwa karɓar takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kuma mai shiga yana son ya ji cewa gidan nasa ne tun daga bakin ƙofa. Akwai Musulmi masu yawa da suke zaune a ƙananan hukumomin Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna, kuma duk abin da aka yi a nan, wani zai kafa hujja da shi a can ya rubuta ayar Littafi Mai Tsarki a ƙofar tasu sakatariyar. Shawarata ita ce a fassara kirarin ƙasa zuwa Hausa, a rubuta shi da boko da ajami a saman ƙofar, yadda manomin da ya yi karatun allo kaɗai zai iya karantawa da kansa.

Malam Habu:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa kwamiti shawarar ɗan'uwa Yakubu game da babbar ƙofa, da ta Hajiya game da zauren kansiloli, sannan zan nemi babban limaminmu ya yi wa dattawa bayanin abin da Alhaji ya kawo, domin daga bakinsa za su fi karɓa. Barista, idan wani bawan Allah ne ya sayi allon da kuɗinsa ya ba da kyauta, ba daga asusun hukuma ba, shin hakan yana sauya matsayin abin a wurin doka?