Neman shawara: furen okid a cikin kejin hawainiya

Mai tambaya, daga Tudun Wadan Gombe:

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina kiwon wata hawainiya da na karɓa daga hannun yaran unguwa bayan sun kakkaɓo ta daga kan darbejiya suna shirin jifar ta. Na sa kafinta ya yi mata keji na katako da raga, tsayinsa ya ɗara mita ɗaya, ina ciyar da ita fara da gyare, ina kuma fesa ruwa a ciki safe da yamma domin ba ta shan ruwan kwano, sai wanda ta lasa a kan ganye. Makon jiya ƙanwata ta kawo mini tsarabar furen okid daga Abuja, irin wanda ake kira Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye da fararen furanni. Da yake an ce yana son danshi, sai na yi tunanin sa shi a cikin kejin. Shin yana da gubar da za ta cutar da ita, kuma shi kansa zai rayu a wurin?

Wani malamin aikin gona, daga Bauchi:

Wa alaikumus salam, Malam. Shi Phalaenopsis ba ya cikin tsirrai masu guba, kuma hawainiyar da ake samu a ƙasarmu ƙwari ne abincinta, ba kamar irin ta Yaman da Saudiyya ba wadda takan gutsuri ganye. Abin tsoron shi ne abin da aka fesa wa furen kafin ya iso hannunka. Masu renon furanni don sayarwa suna amfani da maganin ƙwari da takin zamani, wani maganin ma shiga jikin tsiron yake yi, wanki ba ya fitar da shi, ga shi kuwa dabbarka daga kan ganye take shan ruwa. Saboda haka ka wanke ganyen sosai, ka zubar da duk abin da ke cikin tukunyar, sannan ka ajiye shi a waje kamar wata guda ko fiye kafin ya shiga kejin. Ƙananan ɓarɓashin ɓawon itace da fararen ƙwayoyin da ake cika tukunya da su ma suna da haɗari, domin harshen hawainiya yana da danƙo, idan ta harbo gyare a kansu tana iya haɗiye su tare, su toshe mata hanji.

Wata Hajiya mai sana'ar furanni, daga Gombe:

Ɗan'uwa, ni tausayin furen nake ji. Asalinsa daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, kamar Filifin da Indonesiya, inda yake maƙale a jikin itatuwa, saiwarsa a waje tana shan iska, ta jiƙe ta bushe. Idan ka bar shi a tukunya a ƙasan keji, inda duk ruwan feshi yake gangarawa, saiwar za ta ruɓe kafin ka ankara. Mafi muni shi ne ruwa ya kwana a tsakiyarsa, wurin da sabon ganye yake fitowa. Daga nan ruɓa take farawa, kuma da wuya a ceto shi. Ka sami busasshen reshe ko ɓawon kwakwa ka ɗaure shi a kai, ka karkata kansa ƙasa kaɗan yadda ruwa zai riƙa tsiyayewa, ka rataye shi a gefen da rana ba ta dukansa kai tsaye. Saiwa mai lafiya takan yi fari-fari idan ta bushe, ta koma kore shar da zarar ta sha ruwa. Wannan ce alamar da zai fi kyau ka riƙa dubawa.

Sai batun yanayinmu. Furen ya fi jin daɗi idan zafi bai wuce digiri 30 ba, mu kuwa a Maris da Afrilu mukan kai 40, a hunturu kuma iska ta busar da komai. Ruwan burtsatse a wasu unguwanni yana barin farin gishiri a kan ganye, don haka idan damina ta zo ka tara na sama.

Wani matashi, daga Kumo:

Yaya, na taɓa gwada irin haka. Gyaren da hawainiya ta bari ba ta ci ba shi ne yake bi da dare yana gaigayar bakin saiwa da tohon fure. Kuma sandar furen ba ta jure hawa, ƙafar hawainiya kamar awartaki take. Hausawa sun ce hawainiyarka ta kiyayi ramata, amma a nan ramar ce ta fi dacewa da ita: ka shuka rama ko yakuwa a tukunya ta riƙa hawa tana ɓuya, okid ya zama ado kawai.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ai da safe nakan fitar da kejin rana. Idan furen ba ya son rana, yaya zan yi?

Malamin aikin gona:

Kada ka hana ta rana saboda fure, domin da hasken rana jikinta yake sarrafa sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wadatarwa. Ka sa wa reshen da furen yake kai ƙugiya ta waya, yadda za ka sauke shi ka ajiye a inuwa kafin ka fitar da kejin, ka mayar da shi bayan kun dawo ciki. Ita ma ka bar mata gefe guda mai inuwa, ka kuma shigar da ita kafin hantsi ya yi zafi.