Mahaifiyata na fama da zubar fitsari, shin yoyon fitsari ne?

'Yar Auta:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 60, ta kuma haihu sau 9, duk a gida. Tun bara fitsari ke kuɓuce mata idan ta yi tari ko atishawa, ko ta sunkuya ɗaukar buta, kuma a 'yan watannin nan wani lokaci tana ganin ɗan bayan gida a zaninta ba tare da ta ji fitarsa ba. Ta daina zuwa biki da suna, ta rage shan ruwa har leɓenta yana bushewa, sannan tana maimaita alwala har lokacin salla ya kusa fita. Gwaggonmu ta ce yoyon fitsari ne, a kai ta Katsina. Shin haka ne, kuma me ya kamata mu fara yi?

Ungozoma:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Abin da kika bayyana bai yi kama da yoyon fitsari ba. Yoyon fitsari huji ne tsakanin mafitsara da gaban mace, galibi sakamakon doguwar naƙuda ko yankan gishiri, kuma mai shi fitsari yana zuba mata dare da rana, tana zaune ko tana kwance, yawanci tun kwanakin farko bayan haihuwa. Shi ne ake ɗinkewa a cibiyoyi irin su Babbar Ruga a Katsina, da ta Ningi a jihar Bauchi, da sashen Laure na asibitin Murtala a Kano. Na Mama kuwa sai an matsa ciki yake fita, wanda ke nuna cewa tsokokin da ke ƙasan mara, masu riƙe mafitsara da mahaifa da dubura, sun saki saboda yawan haihuwa da kuma ɗaukewar al'ada.

Waɗannan tsokoki suna ƙarfafa da motsa su, ko da an tsufa. Ta matse kamar mai riƙe tusa a cikin mutane, ba tare da ta ɗauke numfashi ko ta matse cinyoyi ba, ta riƙe na 'yan daƙiƙu, sannan ta saki gaba ɗaya. Ta yi haka sau 8 zuwa 10, sau 3 a rana, kuma sai an yi aƙalla wata 3 kafin a yanke hukuncin ko ya yi amfani. Mafi yawan matan da nake koya wa suna bari tun a mako na biyu, shi ya sa nake ce musu su haɗa shi da wani abin da ba ya wuce su, kamar zaman lazimi bayan salla.

Rage shan ruwan nan kuskure ne babba, domin fitsari mai kauri yana ƙara tsokanar mafitsara, yana kuma kawo taurin bayan gida. Abin da ya dace ta rage shi ne goro da shayi da lemon kwalba. Sannan lallai likitan mata ya duba ta, a gwada fitsari da suga, a ga ko mahaifa ta sauko ko akwai tsohuwar ƙaruwa ta haihuwa da ta taɓa dubura. Ku tafi da duk magungunan da take sha, saboda wasu magungunan hawan jini suna ƙara yawan fitsari.

Mai Jinyar Baba:
Malama ta gama magana a kan fitsari, ni a kan bayan gidan zan ƙara. Mahaifinmu yana ɓata wando da ruwa-ruwa, muna ba shi maganin gudawa, ashe tauri ne ya cushe masa dubura, mai ruwan yake bi ta gefe yana fitowa, maganin kuma yana ƙara ɗaure shi. Sai da aka wanke masa ciki a asibiti, aka ce ya yawaita ruwa da ganye da wake da gwanda, ya kuma riƙa zama a bayi bayan karin kumallo kullum, abin ya lafa. Ki tambayi Mama kwana nawa take yi ba ta zaga ba. Ki ajiye mata fo kusa da gado da dare, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, kuma duk lokacin da ta yi tsarki ta tsane wurin sosai ta shafa basilin, don fatar tsoho ba ta jure danshi.

Ɗalibin Zaure:
Game da alwala, Hajiya ta kwantar da hankalinta, domin malamai sun daɗe da yin bayanin wannan lalura. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke kuɓuce wa mutum a rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, Risala kuma ta ce mustahabbi ne mai ita ya sabunta alwala ga kowace salla. Idan kuwa zubar jefi-jefi ce, hukuncin ya bambanta, don haka ta fayyace wa malamar Islamiyyarsu yadda nata yake.

'Yar Auta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yayana ya sayo mata famfas na manya, ta ƙi ko kallonsa, ta ce ba ta zama jaririya ba tukuna. Mu matsa mata?

Ungozoma:
Kada ku matsa mata, kuma ni ma ina ganin bai dace da ita ba, tunda na wanda ke kwance ne ko wanda mafitsararsa ke juyewa gaba ɗaya. Akwai ƙananan audugar fitsari da ake sawa cikin kamfai kamar ta al'ada, sun fi ta al'ada shan ruwa da riƙe wari, ba kuma a ganinsu ta cikin zani. Ke za ki kai mata a ɗaki, ba yayanki ba. Idan kun ga jini a fitsari ko a bayan gida, ko zazzaɓi da ciwon mara, ko ƙafafunta sun fara mutuwa tare da ciwon baya, ku kai ta asibiti a ranar.