Ƙarin likita ko ƙarin nas: wanne ƙaramin asibiti ya fi buƙata?

Likitan Rigasa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Shekara ɗaya da rabi ke nan da na buɗe ƙaramin asibiti mai gado shida a Rigasa, kuma ma'aikatana huɗu ne: nas guda ɗaya, da jami'ar lafiyar al'umma wadda ta yi karatu a Makarfi, da wani matashi mai ba da kati, wanda shi ne kuma ke karɓar kuɗi ya miƙa magani, sai mai gadi. Idan damina ta kankama zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, nakan duba mutum talatin kafin la'asar, benci ya cika har mata su shimfiɗa tabarma a baranda, wasu kuma su gaji da jira su tafi kemis. Albashin mutum ɗaya kacal zan iya ƙarawa. Shin likita na biyu zan ɗauka, ko nas zan ƙara?

Ungozomar Kawo ta amsa:

Wa alaikumus salam, Likita. Allah ya sa albarka a wannan aiki. Na shafe shekara talatin ina aikin jinya kafin na yi ritaya, kuma shawarata ita ce ka ɗauki nas wadda ta haɗa da karatun ungozoma. Yawancin lokacin da kake ɓatawa a ɗakin duba marasa lafiya ba na aikin likita ba ne. Awon jini, da zafin jiki, da nauyin yaro, da gwajin zazzaɓi na gaggawa wanda sakamakonsa ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20, duk ana iya gama su tun mara lafiya yana kan benci, ta yadda zai shigo maka da katinsa a cike, kai kuwa ka saurare shi ka yanke hukunci. A nan ne kuma ido mai ƙwarewa zai tsamo yaron da numfashinsa ya sauya ko mai cikin da ƙafafunta suka kumbura, a shigar da su ba tare da bin layi ba.

Akwai kuma abin da ka sani game da unguwanninmu: mata da yawa ba za su zo awon ciki ba sai sun tabbatar mace ce za ta duba su. Sannan nas ɗaya ba za ta yi aikin rana ta kwana a kan mai ƙarin ruwa ba, gajiya kuwa ita ce ke jawo kuskuren allura. Ka nemi ganin lasisinta na Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Najeriya, ka tabbatar an sabunta shi, kuma don Allah ka biya albashi a kan lokaci ko da kai ba ka ɗauki naka ba.

Mai Lissafin Barnawa ya amsa:

Ranka ya daɗe, ina tare da Hajiya, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matashin nan mai aiki uku. Ba zarginsa nake yi ba, tsarin ne bai dace ba, domin duk inda hannu ɗaya ke karɓar kuɗi yana fitar da magani, babu wanda zai iya gano inda giɓi ya fito, har shi kansa. Na taɓa duba littattafan wani asibiti irin naka, na tarar da kwalin allurar zazzaɓi a bayan kanta wa'adinta ya wuce da wata huɗu, alhali kowane mako ana sayo sabuwa, sannan bashin 'yan uwa da maƙwabta yana rubuce a bayan kati da fensir. Ka bar shi a kan kati da kuɗi, da rasit mai lamba, taransifa da POS su riƙa shiga asusun asibiti kawai. Magani kuma ya koma hannun wanda ya karanci harkar, da littafin shiga da fita, wanda wa'adinsa ya fi kusa a jera shi a gaba. Idan kana da niyyar karɓar masu inshorar KADCHMA, hukumar inshorar lafiya wadda jihar Kaduna ta kafa a 2018, ka sani cewa da takardu ake neman biya, don haka gyaran ma'ajiyar kati shi ne farko.

Dattijon Tudun Wada ya amsa:

Ɗana, ban yarda a ajiye batun likita gaba ɗaya ba, domin ranar da ka kwanta rashin lafiya ko rasuwa ta kai ka gida, asibitin ba shi da mai sa hannu. Ba sai ka ɗauki na dindindin ba. Ka yi yarjejeniya a rubuce da wani likita mai lasisi ya riƙa zama maka yamma biyu a mako da Asabar ɗaya, ka biya shi gwargwadon zamansa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ke cinye ribar ƙananan asibitoci, saboda haka ka fara tara kuɗin sola ko da ta fitilu da firjin magani ce kaɗai. Ka kuma rubuta a bango irin larurar da ba ta kwana a wurinka, kamar jijjigar masu ciki da zubar jini bayan haihuwa, tare da lambar direban da zai kai su asibitin Yusuf Ɗantsoho ko na Barau Dikko cikin dare.

Likitan Rigasa ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode Hajiya da Malam. Zan fara da raba kuɗi da magani a wannan makon tunda bai buƙatar ko kwabo, in kuma fara cigiyar ungozoma kafin ƙarshen wata. Hajiya, idan ta zo, yaya kike ganin zan raba musu aikin dare su biyu ba tare da na zalunci ɗaya ba?