Kam babba ko matsakaici a injin LS 5.3? Waɗanda suka taɓa sakawa ku ba ni shawara

Ɗan Autan Gareji: Assalamu alaikum manya. Ina haɗa injin LS 5.3 (V8 na Chevy mai lita 5.3), an yi wa kan silinda aski har kamfireshan ya kusa 10 da 1. Giyar otomatik ce, kanbata (na'urar da ke haɗa inji da giyar otomatik) na asali, kuma da motar nake zuwa aiki kullum. Kam (sandar da ke buɗe bawul da tozonta) biyu ne a gabana. Na farko yana riƙe bawul a buɗe digiri 212/218 (shiga/fita) a ma'aunin inci 0.050, tazarar tozonsa 114. Na biyun 228/232 ne, tazara 112. Raina ya fi kwanciya da babban saboda gurnanin da yake yi a sulo (inji na aiki ba a taka totur ba), amma ina tsoron ya hana ni sakewa a cunkoso. Wanne zan ɗauka?

Mai Turbo: Wa alaikumus salam. Rabu da kam, ka sa turbo kawai.

Oga Sifana: Ƙanina, ko wanne ka ɗauka, ranar tayar da injin ka zuba baƙin mai mai sinadarin zinki, ka riƙe totur tsakanin juyi 2000 da 2500 a minti na minti 20 ba sassauci. In ba haka ba tozon zai cinye.

Injiniya Dayano: Oga, wannan ka'idar tafet (abin da ke hawa kan tozon kam) mai shafaffen gindi ce, irin na tsohon Chevy 350. LS tafet mai taya gare shi, ba ya buƙatar haka. Ɗan Auta, ɗauki ƙaramin. Babban kam yana jinkirta rufe bawul ɗin shigar iska, to idan injin na juyawa a hankali fistin zai mayar da wani ɓangare na iskar waje kafin bawul ya rufe. Shi ya sa ƙarfin tashi yake raguwa, sai injin ya haura sama sosai kam ɗin yake nuna kansa. Kanbatan asali yana kamawa da wuri, inda babban kam bai farka ba. In dai 228 kake so, sai ka nemi kanbatan da ke kamawa wajen juyi 3000 a minti, a kuma sake saita burenbos, wato kwamfutar motar.

Oga Sifana: Injiniya, tun kana makaranta nake kwance injin. Hannu ya san abin da kwamfuta ba ta sani ba.

Injiniya Dayano: Ranka ya daɗe, girmanka yana nan. Amma tafet ɗin LS da taya yake, kowa ya buɗe zai gani.

Baban Fistin: Ku bar ni in ba shi labarina, don har yau abin yana ci mini rai. Ni ma babba na saka a irin wannan injin. Bakaniken ya rantse mini sifirin bawul na asali zai ɗauka, ya ce masu sayarwa ne ke tsorata mutane. Na tambaye shi ko ya auna ratar da ke tsakanin fistin da bawul, ya ce ido ya ishe shi. Alhali aikin ba wuya: a manna ɗan yumbu a kan fistin, a ɗora kan silinda, a juya injin da hannu, a ciro a auna kaurin da ya rage. Ana so a samu kusan milimita 2 a bawul ɗin shiga, 2.5 a na fita. Bai yi ba. Kwanakin farko daɗi, duk inda na tsaya sai an juyo. Sai birki ya fara tauri a cunkoso, don bawulolin biyu suna daɗewa a buɗe tare, zuƙar iskar da ke taimakon birki ta ragu. Na yi haƙuri da wannan. Wata rana a kan babban titi na danna totur, sai ƙas! Sifirin ya karye, bawul ya faɗa cikin silinda, fistin ya tarwatse, ɓaraguzai suka bi ko'ina. Da na koma wurinsa cewa ya yi wai tuƙina ne. Motar tana nan a rufe da tamfol.

Ɗan Autan Gareji: Subhanallah. Allah ya mayar da alheri, Baba.

Baban Fistin: Amin. Abin da ya fi ƙona mini rai, kuɗin sifirin bai kai kuɗin gaskit ɗin da na sake saye ba.

Sarkin Salansa: Ɗan Auta, in gurnani kake so, zare wayar fulogi ɗaya. Kyauta ne, kuma maƙwabta ba za su gane bambanci ba 😂

Hajiya V8: Maganar kuɗi ku faɗa masa gaskiya. Kam ɗin shi ne mai araha a cikin aikin. Da na haɗa sifirin, sandunan tura bawul, kanbata da saitin burenbos, sun ninka kuɗinsa har sau uku.

Mai Turbo: Hajiya, an dai tsuga miki. Abokina kam da sifirin kawai ya saya, motar tana tafiya lafiya.

Hajiya V8: Tasa giyar hannu ce ko otomatik? Ka tambaye shi tukuna. Ni kam mai digiri 218 nake da shi, kuma ko shi sai da aka ɗaga sulo kafin ta daina mutuwa idan na kunna AC a danja.

Oga Sifana: Duk wannan ba shi ne matsalar zamanin nan ba. Jabun tafet ne ya cika kasuwa. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, ka saka sati kaɗan ya fara ƙas-ƙas, tayar ta maƙale ta cinye tozon kam.

Injiniya Dayano: A nan kam ina bayanka, Oga. Kuma a LS sai an sauke kan silinda kafin a kai ga tafet, aikin ya dawo sabo.

Baban Fistin: Su kuma masu sayarwa da an koma musu sai su ce bakanike ne ya ɓata. Bakanike ya ce kaya ne jabu. Mai mota wa zai kama?

Hajiya V8: Ni yanzu ba na karɓar kayan da aka riga aka buɗe kwalinsu. Oga, kai ta ina kake gane na jabun, ta nauyi ko ta sheƙin tayar?