Shin gaskiya ne Kiristanci ƙauna ne, sauran addinai kuwa dokoki ne kawai?

Ɗaliba Mai Neman Sani:

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku baki ɗaya. Ni Kirista ce, kuma akwai wata magana da nake yawan ji a wa'azi, cewa Kiristanci zumunci ne na ƙauna tsakanin Allah da mutum, sauran addinai kuwa dokoki ne da mutum yake bi domin ya tsira. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta kwanta mini a rai ba, domin akwai Musulmin da yake tashi tsakar dare yana salla yana zubar da hawaye, kuma ba zan iya cewa babu ƙaunar Allah a zuciyarsa ba. Haka kuma ba na so in shiga sahun masu cewa addinai duk ɗaya ne, tunda masu addinan da kansu ba su faɗi haka ba. To a ina ainihin bambancin yake game da bangaskiya da ƙauna da sujada? Ina roƙon masu ilimi daga kowane ɓangare su yi mini bayani cikin natsuwa.

Dattijon Ikkilisiya:

'Yata, kin yi daidai da kika ƙi karɓar maganar nan ba tare da bincike ba. Sa'ad da aka tambayi Yesu Almasihu doka mafi girma, a Matiyu sura 22, ya ce mutum ya ƙaunaci Allah da dukan zuciyarsa, ya kuma ƙaunaci maƙwabcinsa kamar kansa. Dokokin nan biyu daga Attaura ya ɗauko su, ta farko daga Maimaitawar Shari'a 6:5, ta biyu daga Littafin Firistoci 19:18, kuma har yau Yahudawa masu ibada suna karanta ta farkon safe da yamma. Saboda haka ba mu da ikon cewa umarnin ƙauna a wurinmu ya fara.

Abin da muke riƙe da shi shi ne cewa Allah ne ya fara. Yahaya ya rubuta a wasiƙarsa ta fari cewa muna ƙauna domin shi ne ya fara ƙaunarmu, Bulus kuma ya ce a Romawa 5:8 tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Bangaskiya a wurinmu dogara ce ga wanda ya riga ya yi aikin ceto, sujada kuwa godiya ce ta wanda aka riga aka karɓa, shi ya sa Jibin Ubangiji, inda muke tuna mutuwarsa, yake tsakiyar sujadar ikkilisiya tun zamanin manzanni.

Sai dai masu wa'azin da suke magana kamar babu doka a Kiristanci suna cutar da masu sauraronsu. Yesu da bakinsa ya ce wanda yake ƙaunarsa zai kiyaye umarnansa, Yakubu kuma ya ce bangaskiyar da babu ayyuka matacciya ce. Kiristoci sun daɗe suna jayayya a kan matsayin ayyuka, musamman tun daga zamanin Martin Luther, malamin da ya ƙalubalanci koyarwar Katolika a 1517, kuma sai a 1999 Katolika da Luteran, wato mabiya koyarwar Luther, suka sa hannu a birnin Augsburg na Jamus a kan cewa ta alheri kaɗai ake karɓar mutum, ayyuka nagari kuwa su biyo baya.

Malamin Islamiyya:

Aminci ya tabbata a gare ku. Malama, na gode da adalcin da kika yi mana tun a cikin tambayarki, kuma ina girmama bayanin Baba Dattijo. Zan fara da gyara wani zato da ya yaɗu, wato cewa Musulmi yana sayen Aljanna da ayyukansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce babu wanda aikinsa zai shigar da shi Aljanna, da sahabbai suka ce ko kai, ya Manzon Allah, sai ya ce ko ni, sai dai idan Allah ya lulluɓe ni da rahamarsa. Wanda ya san wannan hadisi ba zai taɓa tsayawa salla yana ganin yana bin Allah bashi ba.

Daga cikin sunayen Allah akwai Al-Wadud, Mai yawan ƙauna, wanda ya zo a Suratu Hud da Suratul Buruj. A Suratul Ma'ida aya ta 54, Allah ya siffanta wasu mutane da cewa yana son su suna son sa, kuma malamai sun daɗe da lura cewa son da yake yi musu aka fara ambata. Ke nan, Baba, batun cewa Allah ne yake farawa mu ma muna da shi. Matakin ƙarshe na addini a hadisin Jibrilu shi ne ihsani, wato ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa. Rabi'atul Adawiyya, baiwar Allah ta birnin Basra da ta rayu a ƙarni na 8, ta shahara da koyar da bauta wadda ba tsoron wuta ko kwaɗayin Aljanna ne ya kawo ta ba, Imam Al-Ghazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan son Allah.

Inda muka rabu yana wani wuri dabam, kuma bai kamata a ɓoye shi don gudun ɓacin rai ba. Mu ba mu yarda cewa ana gadon zunubi ba. Annabi Adamu ya yi kuskure, ya tuba, Allah ya karɓi tubarsa, kuma Alƙur'ani ya ce babu rai da zai ɗauki nauyin laifin wani. Tunda haka ne, babu buƙatar wani ya mutu a madadin wani kafin a yi gafara. Muna son Annabi Isa (AS), imaninmu ba ya cika sai da shi, amma Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba, Suratul Ikhlas kuwa ta ce Allah bai haifa ba, ba a haife shi ba. Mafi girman matsayi a wurinmu shi ne zama bawan Allah, kuma da wannan suna aka kira Annabi (SAW) a ayar da ta ba da labarin Isra'i.

Mai Nazarin Addinai:

Zan ɗan faɗaɗa maganar, domin Malama ta ce sauran addinai. A addinin Hindu akwai babbar hanya da ake kira bhakti, wadda gaba ɗayanta miƙa zuciya ce cikin ƙauna ga abin bauta kamar Krishna, da waƙoƙi da ambaton suna. Addinin Buddha ya fita dabam, domin bai ginu a kan Mahalicci da ake bauta wa ba, amma yana horar da mabiyansa su yi wa kowane mai rai fatan alheri, har da wanda ya cuce su. A nan tambayar ko Allah yana ƙaunar mutum ba ta ma taso ba, saboda haka kuskure ne a auna shi da ma'aunin addinan da suke danganta kansu da Annabi Ibrahim.

Game da Musulmi da Kiristoci, a watan Oktoba na 2007 malaman Musulunci 138 sun aika wa Paparoma Benedict na 16 da sauran shugabannin ikkilisiyoyi wasiƙa, suna cewa ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci su ne abin da addinan biyu suka haɗu a kai. Ba su ce an daina saɓani a kan Yesu ba. A ganina rashin adalcin da ya fi yawa a irin wannan kwatanci shi ne mutum ya ɗauki mafi kyawun koyarwar addininsa ya gwada da mafi munin halin mabiyan wani addini.

Ɗaliba Mai Neman Sani:

Na gode muku ƙwarai. Baba Dattijo, idan Malam ya nuna cewa su ma sun yarda son Allah ne yake gaba, kuma da rahama ake shiga Aljanna, me ya rage wanda ya keɓanta da mu?

Dattijon Ikkilisiya:

'Yata, Malam ya riga ya nuna miki wurin, kuma na yarda da shi cewa a nan ne muka rabu. Mun gaskata cewa Allah bai tsaya ga aiko da saƙo ba, Kalmansa ya zama mutum, ya sha wahala, ya mutu a kan gicciye, ya tashi. Idan muka ce Allah ƙauna ne, muna nufin ƙauna tana tsakanin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki tun kafin a halicci kome, kuma wannan ne abin da Malam ba zai karɓa ba saboda yadda ya fahimci tauhidi. Daga nan ne kiran Allah Uba ya fito, ko da yake Bulus, wanda ya rubuta wa Galatiyawa cewa mu 'ya'ya ne, shi ne kuma ya kira kansa bawan Almasihu a farkon wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Daga nan ne kuma umarnin ƙaunar maƙiyi ya samo tushe, domin mu kanmu muna gāba da Allah sa'ad da aka sulhunta mu.

Malam, a kan wannan batu na ƙarshe ina son ƙarin haske daga gare ka. Na san Suratu Fussilat aya ta 34 ta ce a tunkuɗe mugunta da abin da ya fi kyau, har maƙiyi ya zama kamar masoyi na kusa. Shin malamanku suna ɗaukar wannan a matsayin wajibi a kan kowane Musulmi, ko kuwa falala ce ga wanda ya iya, tunda shari'a ta ba wanda aka zalunta damar neman haƙƙinsa?